Tsimi ko tattalin man jirgin sama?

Tambaya: Malam, ina aikin fassarar labarai a wani gidan rediyo a Abuja. Labari ya zo mana kan yadda kamfanonin jiragen sama ke rage shan mai, sai gardama ta kaure: tsimin mai za a ce ko tattalin mai? Kuma wace karin magana ce ta dace?

Amsa: Malam, tattali za ku ce. Tsimi shi ne mutum ya ƙuntata wa kansa yau don gobe, kamar magidancin da ke rage awo da damina don hatsinsa ya kai kaka. Tattali kuwa kula ne da abu, a more shi ba tare da ɓarna ba.

Matuƙin jirgi ba shi da ikon yin tsimi. Ƙa'ida ta wajabta masa ɗaukar man da zai kai shi inda ya nufa, da wanda zai kai shi wani filin idan hazo ya hana sauka a filin Nnamdi Azikiwe na Abuja, da kuma na shawagin minti 30 a ajiye. Inda ake tattalin shi ne a yi tafiyar ƙasa zuwa titin tashi da inji ɗaya, a lanƙwasa bakin fiffike sama don rage turjiyar iska, a kuma gangaro a hankali tun daga nesa, ba a sauko hawa-hawa ana sake ba inji wuta ba.

Karin maganar kuwa, ni dai "daidai ruwa daidai tsaki" zan zaɓa. Tsaki a nan ɓarzajjen hatsi ne, ba tsakin raini ba. Ruwa ya yi yawa abinci ya tsinke, ya yi kaɗan ya ƙi dahuwa. Shi kansa man yana da nauyi: duk litar da aka ƙara a tanki sai an ƙona wani man kafin a ɗaga ta sama, don haka cika tanki maƙil ba dabara ba ce.

Kada kuma ku ce fetur a labaranku. Man manyan jirage, Jet A-1, dangin kananzir ne. Shi ne wanda tsadarsa ta sa kamfanonin jiragen Najeriya suka yi barazanar dakatar da zirga-zirga a watan Mayun 2022.