Bidiyon kamfani ne, shagon nawa ne: me ya sa aka sauke tallata?

Wani Alhaji da ke sayar da injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana a Tahoua ya turo mini saƙon murya mai tsawo. Ga taƙaicensa:

"Kamfanin da nake saro kaya a wurinsa yana da taskar bidiyo a shafinsa na intanet, ga injina suna aiki a gonaki, ruwa na kwarara, abin ban sha'awa. Yarona ya sauko da guda uku, ya yanka ya haɗa, ya ɗora waƙa, ya rufe tambarinsu da sunan shagona da lambata. Muka sa a Facebook, har na biya kuɗin talla. Bayan kwana biyu aka kashe sautin, daga baya aka sauke bidiyon gaba ɗaya, wai haƙƙin mallaka. To ni da nake tallata musu kaya, ina laifina? Sannan ina da bidiyoyin da na biya wani mai kyamara ya ɗauka mini bara a Tabalak, su ma sai wani ya ba ni izini?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Zan fara da abin da ba za ka ji daɗinsa ba. Injin da ka saro naka ne, ka sayar, ka kyautar, ka jingine shi a lungu, babu mai tambayarka. Amma bidiyon ba ya cikin kwalin da ka biya kuɗinsa. Kamfani ya buɗe taskarsa ne kamar yadda mai gida ke barin zaure a buɗe: kowa na iya shiga ya zauna ya sha inuwa, ba a ce ya naɗe tabarma ya tafi da ita ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan magana ta Turawa ce, ba ta shafe mu ba. Ta shafe mu. Nijar tana da dokarta ta haƙƙin mawallafa, wadda aka sabunta a 2010, kuma akwai ofishin BNDA a Yamai da ke kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta da masu fim. Muna cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta Afirka mai ƙasashe 17, wadda hedikwatarta ke Yawunde, kuma yarjejeniyar Bangi ta 1977 ce ginshiƙinta. Muna kuma cikin yarjejeniyar Bern, wadda aka fara ƙullawa tun 1886. Amfaninta a taƙaice shi ne, bidiyon da aka ɗauka a Indiya ko Sin ko Jamus yana da kariya a Tahoua kamar yadda aikin ɗan Tahoua yake da ita a can. Kuma kariyar ba ta jiran rajista ko hatimi. Da zarar an ɗauki bidiyo, haƙƙi ya hau kansa, ko an rubuta a jikinsa ko ba a rubuta ba. Ba ta ƙarewa da wuri: mafi ƙarancin abin da yarjejeniyar Bern ta yarda da shi ga fim shekara 50 ne, ƙasashe da dama kuma sun wuce haka. Saboda haka ko tsohon fim baƙi da fari na kasuwar Tahoua ka gani yana yawo a WhatsApp, kada ka ɗauka maraya ne.

Yanzu mu dawo kan taskar. Ka sa yaronka ya koma shafin, ya gangara can ƙasa inda ake rubuta sharuɗɗa da ƙananan baƙaƙe, wurin da babu mai karantawa. Yawancin kamfanoni suna ajiye bidiyo ne don ɗaya daga cikin dalilai uku. Wani don kallo kawai. Wani don 'yan jarida su yi amfani da shi cikin labari, kuma za ka ga an rubuta ban da talla. Wani kuma don wakilai da dillalai irinka, kuma shi ne ya dace da kai, sai dai galibi yana bayan ƙofa, sai an ba ka lambar shiga, kuma da sharaɗin kada a canza komai. Maɓallin saukewa da yaronka ya gani bai gaya masa wanne ne daga cikin ukun ba.

Inda na fi ganin an yi ɓarna shi ne rufe tambarin. Da a ce ya tura bidiyon yadda yake, ta hanyar raba shi daga shafin kamfanin, ya rubuta a sama cewa ana samun wannan inji a shagonka, da babu wanda zai ce uffan, don an yi maɓallin rabawa ne saboda haka. Amma ya yanka, ya goge sunan mai abu, ya liƙa naka. Dokokin ƙasashenmu, da suka bi tsarin Faransa, suna ba mai aiki wani haƙƙi da ba a saye ba a sayarwa: a ambaci sunansa, kuma kada a sassaƙe masa aiki ba da yardarsa ba. Kai ma ka auna da kanka. Idan wani a Madawa ya ɗauki hoton shagonka, ya goge allonka ya rubuta sunansa, ya ce ai talla yake maka, me za ka ce masa?

Akwai kuma abin da mai kallo ba ya gani. Bidiyo ɗaya yakan zama kamar albasar Galmi, ɓawo kan ɓawo, kuma kowane ɓawo da mai shi. Hoton da ke motsi na wanda ya ɗauka ne ko kamfanin da ya saya daga hannunsa. Kiɗan da ke ƙarƙashi na wani ne. Fuskokin manoman da ke ciki nasu ne, kuma mai yiwuwa sun yarda ne a nuna su a shafin kamfani kawai. Sau da yawa ma wani yanki na bidiyon, a ce gonar da aka ɗauko daga sama da jirgi mara matuƙi, ba kamfanin ya ɗauka ba, hayarsa ya yi daga rumbunan sayar da hotuna irin su Getty Images ko Shutterstock, da lasisin da bai ba shi damar miƙa wa wani ba. Wato ko yana son ya ba ka, ba duka ne yake da ikon bayarwa ba. Shi ya sa idan ka nemi izini aka ce maka ɗauki wannan ka bar wancan, kada ka ga kamar rowa ce.

Sautin da aka fara kashewa kuwa, kusan na tabbata waƙar da yaronka ya ɗora ce ta jawo. Ba mutum ke zaune yana sauraron bidiyon kowa ba. Masu waƙoƙi da masu fim suna ba wa waɗannan dandali samfurin aikinsu, na'ura kuma tana gwada duk abin da aka ɗora da samfurin, kamar gwada zanen yatsa. A YouTube ana kiran tsarin Content ID, a Facebook kuma Rights Manager. Idan ya yi daidai, mai haƙƙi ne ke zaɓa: a toshe, a kashe sauti, ko a bar shi kuɗin talla ya riƙa tafiya aljihunsa. Wannan mai sauƙi ne. Mai zafin shi ne idan mai haƙƙi ya shigar da ƙorafi da kansa aka sauke bidiyon. A YouTube wannan gargaɗi ne da ke zama a kan tasharka kwana 90, idan suka taru uku ana iya rufe tashar. Facebook ma yana rufe shafin da ya yawaita maimaita laifi. Ka tuna yawan manoman da ke nemanka ta wannan shafin, daga Ƙonni har Abalak, sai ka ga abin da ka sa a caca saboda bidiyon minti ɗaya.

Yaronka zai ce maka ai idan bai wuce daƙiƙa 30 ba babu laifi, ko kuma idan an rubuta sunan mai waƙa shi ke nan. Duka biyun zancen majalisar shayi ne. Doka ta yi sassauci ga malami a aji, da ɗan jarida mai ba da labari, da mai tsakuro ɗan yanki don sharhi, da mai kwafa don kallon kansa a gida. Ba ta yi wa mai talla ba. Idan kiɗa kake so, su kansu dandalin suna da rumbun kiɗan da suka halatta wa 'yan kasuwa kyauta, a YouTube da Facebook da TikTok duka, a nan zai zaɓa. Idan kuma muryar gida kake so, wadda ni na fi ganin tana jan manomi, ka nemi mawaƙi a nan Ader ya yi maka taka, ka biya shi, ku rubuta. Haka bidiyoyin da ake cewa na kyauta ne a intanet: masu lasisin Creative Commons kala-kala ne, wanda ke ɗauke da alamar NC an hana kasuwanci da shi, mai alamar ND kuma an hana yankawa da sauyawa.

Abin da za ka yi game da wanda aka sauke: kada ka danna wurin jayayya ka ce naka ne, don ba naka ba ne, kuma ƙarya a wannan wurin tana ƙara nauyin laifi. Kada kuma ku sake ɗora shi da wata dabara, a juya hoto ko a ƙara sauri. Ka rubuta wa wanda kake hulɗa da shi a kamfanin, ka gaya masa gaskiya, ka ba da haƙuri kan tambarin, ka roƙi abu biyu. Na farko, idan su ne suka yi ƙorafin, su janye. Na biyu, su ba ka izini a rubuce wanda ya faɗi waɗanne bidiyoyi ne, a wane dandali, na tsawon wane lokaci, ko za ka iya ɗora murya da Hausa, ko za ka iya ƙara sunan shagonka a ƙarshe ba tare da taɓa nasu ba, ko kuma an yarda ka biya kuɗi a yaɗa shi a matsayin talla. Wasiƙar imel da ta fito daga adireshin kamfanin ta fi "ba damuwa, Alhaji" da wakilinsu zai ce maka a waya, don wakili yana barin aiki, maganarsa ta bi shi. Ina kyautata zaton za su ba ka. Kamfanin da ke son kayansa su shiga fadamun Tahoua ba zai ƙi mai fassara masa talla da Hausa a kyauta ba.

Sai tambayarka ta biyu, wadda a wurina ta fi ta farko muhimmanci. Ka biya mai kyamara, gaskiya ne, amma me ka saya? Doka tana fara kallon wanda ya ƙirƙiri aiki a matsayin mai haƙƙi. Abin da ya dawo hannunka idan babu takarda, a nan ake jayayya: kai ka ce duka, shi ya ce don Facebook kawai muka yi, ba don talabijin ba. Na taɓa shiga tsakanin wani mai sayar da iri da taki da mai ɗaukar masa bidiyo. Ya biya, an ba shi talla ta minti biyu, ya ji daɗi. Bayan damina sai ya ga gonar da ya kai mai kyamarar da motarsa, da manomin da ya roƙa ya tsaya, da bokitin da shi ya riƙe ana ɗauka, duk a cikin tallar abokin gasarsa. Mai kyamara ya ce abin da ya rage a katinsa nasa ne, minti biyu aka saya. Muka nemi takarda, babu ko rasit. Haka aka sha shayi aka watse.

Don haka ka kira naka mai kyamarar tun kuna shiri, ku rubuta shafi ɗaya, ku sa hannu da shaidu biyu. A ciki a faɗi cewa ya miƙa maka haƙƙin amfani da bidiyoyin a kasuwancinka, a intanet da talabijin da allon talla, har da ɗanyen abin da ya ɗauka wanda bai shiga tallar ba. Cewa ba zai sayar wa mai irin sana'arka ba. Da kuɗin da aka biya. Shi kuma ka bar masa sunansa a jikin aikin da damar nuna shi ga masu neman ya yi musu aiki. Idan ya nemi ƙarin jika goma ko ashirin a kan wannan, ka ba shi, ya fi arha a kan rigima. Idan ka tashi yin babbar talla da za ta ci kuɗi masu yawa, a nan ne ya dace lauya ya duba takardar.

Kada ka manta da mutanen da ke ciki. Manomin Tabalak da ya yi murmushi kusa da injinka, ya san fuskarsa za ta yi yawo har Yamai? Idan akwai matan aure ko yara a gonar, ka san garinmu, magana ɗaya daga mai gida ta isa ta ɓata cinikin shekara a ƙauye guda. Wanda ba ya karatu, a ɗauki yardarsa a bidiyo da bakinsa: sunansa, garinsu, da cewa ya yarda shagon Alhaji ya yi talla da hotonsa. A ajiye wannan tare da bidiyon.

Ajiyar ma aiki ce. Na san inda bidiyoyinka suke: a wayar yaronka, wadda za ta iya faɗawa rijiya gobe, ko shi ya tafi Agadas da ita. Ka sayi faifan ajiya biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Kowane aiki da jakarsa, a rubuta wuri da wata da shekara. Ka samu littafi irin na bashi, kowane bidiyo da layinsa: wa ya ɗauka, wa ke ciki, kiɗan wane ne, ina takardar izini, yaushe za ta ƙare. Shafin Facebook ɗin kuma ya kasance da lambarka aka buɗe shi, kai ne babban mai iko, yaron mataimaki.

Bidiyon kamfanin, komai kyansa, gonar wata ƙasa ce da ƙasarta da ba irin tamu ba, manomin Galmi yana kallo ya san ba rijiyarsa ba ce. Idan sanyi ya shigo albasa ta yi kore, ka ɗauki mai kyamara ku je wurin wanda ya sayi inji a hannunka bara. Ku isa da hantsi, lokacin da rana ta fara bugun pano, wato faifan da ke kama hasken rana, ruwa ya taso, a nuna zurfin rijiyar da kwamin da ake shayarwa, a bar shi ya faɗi da bakinsa litar mai nawa yake ƙonawa a da. Ka tafi da takardun biyu a aljihu, tasa da ta mai kyamara, a sa hannu kafin a kunna.