Zauren Tambaya: Gidan Reza, Buroshi da Ƙurajen Aski

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowar, dukansu a kan aski. Masu tambaya kan ciwon baya su yi haƙuri sai wata mai zuwa.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni matashi ne a Sabon Gari, nan Damagaram, ina gadi a wani wuri da ba a yarda mu bar gemu ba. Da abin askin roba mai baki uku nake gyara fuska kusan kullum. Yanzu wuyana da ƙarƙashin haɓata duk ƙuraje ne, in sun warke su bar baƙin tabo. Kawuna ya ba ni tsohon gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwance kansa a sa reza ɗaya, ya ce shi ne magani. Gaskiya ne, ko son kayan da ne irin na tsofaffi?

Amsa: Ɗana, kawunka ya yi gaskiya, amma rabi ya faɗa maka. In ka riƙe ƙarfen nan yadda ka saba riƙe na roba, ranar farko za ka je aiki da fuska duk jini.

Ka fara sanin abin da ke cin wuyanka. Gashinmu murɗaɗɗe ne tun daga ramin da yake tsirowa. In reza ta yanke shi sai bakinsa ya yi tsini, da ya fara tohowa sai ya lanƙwaso ya soki fata ya koma ciki, wani ma ba ya samun fitowa, a cikin ramin yake huda gefe. Jiki kuwa ɗaukarsa yake kamar ƙaya ta shige shi: wurin ya kumbura, ya yi ja, ya tara mugunya. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma sammu ba ne.

Mai baki ukun nan shi ke ƙara rura wutar. Da kamfanin Gillette ya fito da mai baki biyu a 1971, abin da ya yi ta talla da shi ke nan: bakin farko ya jawo gashi waje, na biyu ya datse shi kafin ya koma. Gashin sai ya nutse ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne. Ga ni da kai, an binne tsini ne a inda zai yi ɓarna. Reza ɗaya a daidai fata take yankewa, shi ya sa ta fi mana sauƙi.

Kafin ka taɓa kyautar kawu, ka ba fuskar hutu na mako uku zuwa huɗu. Ka je wa shugabanka da ladabi, ka nuna masa wuyan, ka roƙi a bar ka ka riƙa ragewa da injin aski na lantarki wanda zai bar ɗan tsawo kamar milimita ɗaya. Inda ka hango gashi ya yi lanƙwasa a kan ƙurji, sa tsinin allura mai tsabta ka ɗago bakinsa kawai, kada ka tsige. In ƙurajen sun yi tauri suna girma, musamman a ƙeya, to wannan ya wuce shawarar mujalla, ka tafi babban asibiti a duba ka. Kuma don Allah ka rabu da man shafe-shafen nan na ƙara haske da ƴan tebur ke cewa yana goge tabo. Fatar yake sirantawa.

Ranar da za ka koma aski, ka yi shi bayan wanka. Na san halin ruwa a garin nan, sai an bi ƴan ga-ruwa, amma buta guda ta ruwan ɗumi ta isa. Gashi na bukatar minti biyu zuwa uku yana shan ruwa kafin ya yi laushi. Kafin ka sa kumfa, shafa tafin hannunka a fuska ka ji inda gashin ya kwanta. A kumatu yawanci ƙasa ya nufa, amma a wuya kowa da nasa: wani gefe yake bi, wani sama, wani ya yi zagaye kusa da maƙogwaro. Inda ya kwanta nan za ka bi, ko da za ka karkace hannu.

Ɗora kan ƙarfen a kumatu, mariƙin na kallon waje, sannan ka sauke mariƙin a hankali har ka ji reza ta fara kama gashi, ka ji ɗan ƙaran nan na ƙyas-ƙyas. Nan ne daidai, wajen digiri 30. Kada ka danna ko kaɗan. Na roba ba shi da nauyi, shi ya koya wa hannunka danna. Wannan nauyin kansa ke aiki. Ja gajere-gajere, ka ɗauraye, ka juya ɗaya bakin. Kada ka ja fata ta miƙe, kada ka maimaita inda kumfa ya ƙare, kuma ka haƙura da santsin nan da ake samu in an aske sama. Mai gidanka daga nesa yake kallonka, ba shafa maka haɓa zai yi ba. In ka gama, ruwan sanyi, sannan ka jiƙa ɗan dutsen alif, wanda mata ke sa wa ruwa ya kwanta, ka goga. Duk inda ya yi maka zafi, nan hannunka ya danna. Ka ɗauraye shi, in hunturu ne ka bi da man kaɗanya ɗan kaɗan. In aikin zai bari, kwana ɗaya ka aske kwana ɗaya ka huta.

Batun son kayan da kuwa, abin ya tsufa kam. A 1903 da King Gillette ya fara sayar da shi a Amurka, gidan reza 51 da reza 168 kawai aka saya a shekarar. Yaƙin duniya na farko ne ya yaɗa shi, da aka raba wa sojojin Amurka miliyoyi. Daɗinsa shi ne rezar duk sifa ɗaya ce yau, ko Astra ce, ko Derby ta Turkiyya, ko Lord ta Masar. Wadda ka samu a Kasuwar Dole za ta zauna a ƙarfen kawunka.

Tambaya: Malam, ina yi maka sallama. Ɗanmu da ke karatu a Faransa ya aiko wa Alhaji buroshin aski da sabulunsa. Ƙanensa ya karanta kwalin ya ce gashin alade ne. Alhaji ya ce a fitar masa da shi daga ɗaki, ni kuma ina jin nauyin yaron. Ya halatta? Kuma shin buroshin nan dole ne? Daga wata uwa a unguwar Birni.

Amsa: Hajiya, wa alaikumus salam. Yaron bai yi da gangan ba, buroshi mai rahusa a Turai galibi na gashin alade ne, kamfanoni irin su Omega na Italiya da Semogue na Fotugal sun yi suna a kansa. Masu tsada na gashin wata dabba ce dangin dage, kuma daga Sin ake kawo mafi yawan gashin. Akwai na gashin doki, wanda kasuwarsa ta faɗi bayan da wasu sojojin Ingila da Amurka suka kamu da ciwon saifa na dabbobi ta hanyar buroshin da ba a tsabtace gashinsa ba, a lokacin yaƙin duniya na farko.

Fatawa ba fagena ba ne. Abin da na karanta a zaure shi ne, a Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, an lissafa gashi cikin abubuwa masu tsarki ko da na alade ne, matuƙar yanke shi aka yi ba tuge shi ba. Shafi'awa kuwa najasa suke ɗaukarsa. To kwali ba ya faɗin yadda aka raba gashin da dabbar, kuma mutumin da zai yi alwala bayan aski bai kamata ya tsaya salla da waswasi ba. Ni a ganina a bar Alhaji da ra'ayinsa. Ki yi wa yaron godiya, ki ce in zai sake aikowa ya nemi na zaren roba. Na yanzu suna da laushi ƙwarai, ba sa wari, ba sa bukatar a jiƙa su tukuna, kuma sun fi saurin bushewa. Shi nake amfani da shi.

Dole? A'a. Mahaifina wanzami ne, da yatsu da ruwa ya yi ta jiƙa kawunan mutane har ya bar duniya. Amma buroshi na da amfaninsa: yana tayar da gashin da ya kwanta, yana cusa ruwa har gindinsa. A jiƙa shi a yarfe, a murza a kan sabulu har bakinsa ya yi kauri, sannan a riƙa zagayawa a fuska ana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo. Kumfa mai manyan ƙwai na banza ne, wanda ake so shi ne mai kauri mai sheƙi, wanda in an murza tsakanin yatsu ake jin santsi. Sabulun da yaron ya aiko kuwa, a karanta kwalinsa shi ma, don wasu da kitsen dabba ake yin su, wasu da man itatuwa.

Tambaya: Baba, mahaifinmu a Mirya ba ya yarda kowa ya taɓa kansa sai wanzaminsa na shekara da shekaru. Ni kuma ina tsoron askar nan da ke yawo kan kowa. Yaya zan yi ban ɓata wa kowa ba?

Amsa: Tsoronka na kan hanya, ɗana, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda ya tashi yana ɗaukar wa ubansa zabira. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma wannan maganar dole mu ji ta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma jinin da ido ba ya gani ma ya isa. Yankinmu na Afirka ta Yamma na cikin inda ciwon ya fi yawa a duniya. Goga aska a tafin hannu ko a fata gyara kaifi ne, ba ya kashe komai. Wucewa da ita ta kan wutar ashana sau ɗaya ma ba abin dogaro ba ne.

Kada ka raba tsoho da wanzaminsa. Abin da ke tsakaninsu ya wuce aski: shi ya yi muku askin suna, wataƙila shi ya yi muku kaciya, kuma hirar da suke yi a zaure tana cikin abin da ke riƙe da tsohon. Ka sayi aska sabuwa, ka kai wa wanzamin da kanka tare da ɗan goro, ka ce ta Baba ce shi kaɗai, a gida za ta riƙa kwana. A wanke ta da sabulu bayan kowane aski, a shanya. In wanzamin zai karɓi irin askar nan da ake sa wa rabin reza, ya fi, sai a ɓare sabuwa a gabanku kowane zuwa. Ku kuma ƴan gidan ku je a gwada jininku, wanda ba shi da ciwon ya yi allurar rigakafi.

Tambaya: Malam, sau nawa reza ɗaya ke aski? Wani ya ce in an goga ta a cikin kofin gilashi kaifinta na dawowa. Daga wani ɗalibi a Garin Malam.

Amsa: Ga mai gemu mai kauri, uku zuwa biyar. Da ka ji ta fara jan gashi maimakon yanka, ta gama. Dabarar kofi ta zamanin rezar baƙin ƙarfe ce, mai tsatsa kwana ɗaya. Tun 1962 da kamfanin Wilkinson na Ingila ya fito da wadda ba ta tsatsa, ana shafa wa bakin reza wani siririn rufi da ke sa ta sulɓi, gogawa kankare shi take yi. Ka ɗauraye ta ka yarfe, kada ka share bakin da tsumma. Wadda ta mutu kuma kada ta shiga shara haka nan, yara na tsinta su feƙe fensir ko su yanke farce. Ka sami gwangwanin madara da aka huda, ka faɗaɗa hudar da wuƙa, ka riƙa jefa su ciki. In ya cika ka bubbuge bakin da dutse kafin ka yar.