Amsa kan aikin bi gida-gida a Jos

Ɗan'uwa, ka ce an ɗauke ka aikin bi gida-gida kana yi wa mutane tambayoyin bincike, kana son sanin wahalarsa da maganar biya. To ni na yi shi sau uku a nan Jos, Angwan Rogo da Gangare da Rikkos, kuma wallahi ƙafa ce ke shan wuya.

Kar ka kuskura ka fara sallama a gidajen mutane ba ka je wajen mai unguwa ba, ka nuna masa takardarka da katin shaida, in ya haɗa ka da yaro ya raka ka to ka huta. Garin nan ya ga rikici a 2001 da bayanta, baƙo riƙe da tablet, wato na'urar da ake cike fom a kai, yana tambayar mutum nawa ke kwana a gida dole a yi masa wani kallo. Gidan da aka rubuta "ba shiga" kuwa iyakarka zaure, shi ya sa ake haɗa mu da mace.

Wata dattijuwa a Gangare har kunu ta aiko min, sannan ta leƙo ta ce "ɗana, yaushe za a kawo tallafin?" Na ce Mama ba tallafi ba ne, tambayoyi ne kawai. Ta ɗan ɓata rai amma ta amsa. Kar ka yi alƙawarin abin da babu.

Tablet ɗin na ɗaukar GPS, wato wurin da kake, da lokaci, masu zama gindin mangwaro su cike fom da ka ana kama su. Ka riƙe pawa banki. Kuɗi kuwa, wani kamfani sai da ya ja mu wata biyu, ka tambayi kuɗin mota tun ranar tirenin.