Rahoton da ya yi kyau da yawa

Ƙanena, ka ce ƙungiyoyin da gidauniya ke ba tallafi kullum rahotonsu lafiya lau, sai an je wurin a tarar da rijiya ba ruwa ko aji ba malami, kana tambayar yadda za a yi su riƙa faɗa mana gaskiya.

Ka fara da sanin cewa tsoro ne yake rubuta irin wannan rahoto. Ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata biyar da albashinsu ya rataya a wuyan tallafi guda ɗaya ba za ta ce maka aiki ya cije ba, sai ta ga alamar faɗar ba za ta rufe mata ofis ba. Alamar kuwa a cikin takardar yarjejeniya take, da yadda kuɗi ke fita. Murmushinka a wurin taro ba ya ciki.

Ɗauki maganar lokacin biya. Idan aikin na noma ne a yankin Kano ko Jigawa, iri da taki su kai hannun manomi kafin damina ta kankama a watan Yuni. Kuɗin da ya iso a Agusta ya riga ya makara, amma ƙungiya za ta karɓa, ta kashe, ta rubuto cewa komai ya tafi daidai, tunda ba wanda zai zagi hannun da ke ba shi. Saboda haka kason farko, kamar kashi 40 cikin 100, ya fita cikin mako biyu da sa hannu. Tsarin nan na a kashe tukuna a kawo rasit a biya, ka bar wa manyan ƙungiyoyi masu ajiya. Ƙarama bashi za ta ci, ko ta ɗebi kuɗin wani aikin ta toshe naka, kuma daga nan lissafi ke fara karkacewa.

Sai kuɗin tafiyar da ofis, inda aka fi cutar su. Haya, man janareta, data, albashin akanta, kuɗin mai binciken asusu na shekara, duk aikin ne ke cin su. Gidauniyar Ford ta ɗaga abin da take bayarwa a wannan fanni zuwa kashi 20 a 2016, gwamnatin Amurka kuma ta mayar da nata ma'auni daga kashi 10 zuwa 15 a 2024. Wanda ya ce ba zai ba da ko kwabo a nan ba, shi da kansa ya koya wa ƙungiya ta kumbura farashin kujeru da abincin taro don ta biya haya. Ka sa layin a fili cikin kasafi, kada ya gaza kashi 15, kuma kada ka nemi rasit ɗaya bayan ɗaya a kansa.

Kasafi ma ya zama mai ɗan numfashi. An cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023, aka saki Naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Duk kasafin da aka rubuta kafin nan ya zama tarihi. Idan gidauniya da dala take riƙe kuɗinta, ribar canjin ta bi aikin, kada ta tsaya a hedikwata. Ka kuma rubuta cewa suna iya matsar da kashi 10 daga wannan layi zuwa wancan ba tare da neman izini ba, su sanar kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bincike kafin ba da kuɗi wajibi ne, kada ka ji kunyarsa. Takardar rajista ta CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), takardar SCUML (sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram), sunayen amintattu, bayanin banki na wata shida, da tabbacin cewa mutum biyu ne ke sa hannu kafin kuɗi ya fita. Sun isa ga ƙaramin tallafi. In wata gidauniyar ta bincike su bara, karɓi sakamakon nata maimakon ka sake ɗora musu fom mai shafi talatin. In ka je ziyara, sanar da su tun mako guda, ka bar jerin gwanon motoci a gida, ka zauna da akanta ya buɗe maka littafin kuɗi. A gabansa za ka fi koyo fiye da a ɗakin shugaba.

Rahoto sau biyu a shekara ya isa, shafi uku, da Hausa in sun fi sakewa da ita. Sa tambaya ɗaya a ciki: me ya ƙi tafiya, kuma me kuka canza? Tsakanin rahotanni a yi waya ta minti ashirin duk wata, ba tare da an rubuta maki ba.

Ranar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ranar da mummunan labari na farko ya zo. Sauran ƙungiyoyin garin duk za su ji abin da ka yi, domin shugabanninsu a zaure ɗaya suke a WhatsApp. Ka rarrabe kuskure da sata. Mai sayar da awaki a kasuwar ƙauye ba shi da rasit mai hatimi, don haka takarda mai kwanan wata, farashi, lambar waya da dangwalen yatsa ta wadatar. Rasit na bogi kuwa, ko biyan albashi ga sunan da ba kowa a bayansa, wannan sata ce: a dakatar da layin da abin ya shafa, a kawo mai bincike na waje, a ba su kwana 14 su yi bayani a rubuce. Wanda ya kawo ƙarar kansa kafin a gano, a sassauta masa, kuma a bari ya san dalilin sassaucin.

Game da tsawon tallafi, shekara ɗaya ba ta isa a san juna. Uku ta fi, ko da kuɗin kowace shekara ya ragu. In za a rabu, a faɗa tun saura wata shida. Dakatar da kuɗin USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, farat ɗaya a Janairun 2025 ya bar ƙungiyoyi da ma'aikata da kwangiloli a hannu ba kuɗin sallama. Saboda haka tun ranar sa hannu ka ware kuɗin albashin wata uku a matsayin na rufe aiki, ka rubuta shi a sakin layinsa daban, yadda ko hedikwata ta janye ba za a taɓa shi ba.