Tsagewar Jikin Kwamfuta: Abin da Garanti Ke Ɗauka da Wanda Ba Ya Ɗauka

Tambaya: Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta zame daga kan tebur, kusurwarta ɗaya ta fashe, amma tana aiki lafiya lau. Wata huɗu ke nan da na saye ta sabuwa. Shin kamfanin zai canza mini jikinta tunda tana da garanti? (Daga wani ɗalibin jami'a)

Amsa: Ba zai canza ba, ɗan'uwa. Garantin da ke zuwa da sabuwar kwamfuta, wanda galibi na shekara ɗaya ne, aibin masana'anta kaɗai yake ɗauka, wato idan matsalar daga kayan da aka ƙera ta da su ne ko daga yadda aka harhaɗa ta. Faɗuwa da zubar ruwa da ƙarzuwa duk an cire su, kuma an rubuta haka a takardar da ka jefar tare da kwali ba ka karanta ba. Abin da ke biyan irin wannan asara shi ne tsarin kariya daga haɗari, wanda ake saya daban kafin ɓarna ta auku. Dell da HP da Lenovo duk suna da nasu, na Apple kuwa shi ne AppleCare+, kuma ko da shi sai mutum ya biya wani kaso a kowane gyaran da haɗari ya jawo. Ka shigar da lambar siriyal, wato lambar shaidar kwamfutarka, a shafin kamfanin ka ga ko an haɗa maka da wannan tsarin. Idan babu, kuma tsagar ba ta kusa da mahaɗin murfi ko wurin caji, ka ci gaba da aikinka.

Tambaya: Wurin da murfin kwamfutata ke haɗuwa da jikinta ya fara buɗewa, kuma duk lokacin da na ɗaga murfin sai in ji ƙas-ƙas. Ba ta taɓa faɗuwa ba, kuma saura wata uku garantinta ya ƙare. An ba ni shawarar in ɗiga mata sufa gulu. Ya dace? (Daga wata malamar makaranta)

Amsa: Malama, don Allah ki ajiye wannan gam ɗin nesa da kwamfutar. Babu wata shawara da ke tayar mini da hankali kamar wannan, domin tana jawo wa mutane asarar haƙƙinsu da hannunsu, kuma kusan kullum mai ba da ita bai taɓa kwance kwamfuta ya ga cikinta ba.

Mahaɗin nan, wanda masu gyara ke kira hinji, na ƙarfe ne, amma a yawancin kwamfutoci masu jikin roba an ɗaure shi ne da ƙananan sukurori a cikin 'yan notocin tagulla da aka dasa a cikin robar. Idan ya daɗe, man da ke ciki ya bushe, ƙura ta shiga, sai ya yi tauri, wasu ma tun daga masana'anta ake tsananta ɗaurinsu. Daga nan duk ƙarfin buɗewa da rufewa a kan robar yake sauka, har ranar da za ta gaji ta saki notocin. Ƙarar da kike ji ke nan. Ta wannan lungun kuma wayar da ke kai hoto zuwa sikirin take wucewa, tare da siraran wayoyin eriyar intanet, don haka wanda ya ci gaba da buɗewa da ƙarfi yana iya tsinke su ko ya fasa sikirin ɗin kansa, ƙaramin gyara ya koma babba.

Sufa gulu idan ya bushe yakan yi tauri amma ba ya jure murɗawa, alhali murɗawa ita ce aikin wannan wuri. Ruwa-ruwa ne, yakan gangara cikin hinjin ya ƙara ƙame shi, ya kuma bar farin tabo a jiki. Da zarar injiniyan kamfani ya ga tabon, zai rubuta cewa an taɓa kwamfutar, kuma da wannan layi ɗaya za a iya rufe maganarki. Abin takaicin shi ne, a cikin duk nau'o'in lalacewar jiki, irin naki ne ya fi kusa da a karɓe shi a matsayin aibin masana'anta, tunda babu faɗuwa.

Ki daina rufe murfin daga yau, ki bar shi a yadda yake. Ki ɗauki hoton wurin da ya buɗe, da na kusurwoyi huɗu domin a ga babu alamar bugu. Ki nemo rasit, ki kai ƙorafi a rubuce, ki karɓi lambar ƙorafin, domin ranar da kika sanar ita ce hujjarki ko da gyaran ya ja lokaci. Ba na yi miki alkawarin za su amince nan take ba ne, sau da yawa amsar farko ita ce laifin mai amfani ne, amma ki nemi a duba ta a rubuta dalili. Ki kuma binciki dokar kare masu saye ta ƙasar da kika saye ta. A ƙasashen Tarayyar Turai, alal misali, doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibi na aƙalla shekara 2, ko da garantin kamfani ya ƙare. Kafin ki miƙa ta, ki kwashe bayananki zuwa wani wuri.

Idan aka ƙi, gyara na gaskiya shi ne a canza ɓangaren da ya karye. Masu sayar da kayan gyara sun kasa jikin kwamfuta gida huɗu: A bayan murfi, B firam ɗin da ya kewaye sikirin, C saman da madannai suke, D kuma marfin ƙasa. Ki tabbatar an sassauta hinjin ko an canza shi, in ba haka ba sabon ma zai karye a wuri guda. Idan kayan ba su samuwa, gam ɗin efoksi mai haɗi biyu a hannun ƙwararre yana riƙewa. Sannan ki saba da ɗaga murfi daga tsakiya, ɗaya hannun yana danne da jikin, kada daga kusurwa, kuma kada ki taɓa ɗaukar kwamfuta ta sikirin.

Tambaya: Ƙasan kwamfutata ya kumbura, ba ta zama daidai a kan tebur, wurin da nake jan linzami da yatsa ya ɗago. Marfin ne zan canza? (Daga wani ma'aikacin ofis)

Amsa: Marfin ba shi da laifi, Malam, batirinka ne ya kumbura yake turo shi. Ka cire caja, ka kashe ta, kada ka danne ta don ta koma, kada kuma ka huda batirin, domin batirin litiyam da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. A canza shi da gaggawa. Ka duba ko samfurinka na cikin waɗanda kamfani ya yi wa kiranye, kamar yadda Apple ya yi a 2019 kan wasu MacBook Pro masu inci 15 saboda zafin batir.

Tambaya: Idan na kwance marfin ƙasa da kaina na yaga sitikar da ke kan sukuru, garantina ya tashi ke nan? (Daga wani mai koyon gyara)

Amsa: Ya danganta da ƙasa. A Amurka, hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayya ta gargaɗi wasu kamfanoni a 2018 cewa soke garanti saboda yaga irin wannan sitika kawai ya saɓa wa dokar garanti ta 1975. A wasu ƙasashen kuwa sharaɗin takardar garanti ne ke aiki, sai ka karanta taka. Amma ko'ina kake, duk abin da ka karya da hannunka a yayin kwancewa, kai za ka biya. Tunda koyo kake yi, ka koya da wadda garantinta ya riga ya ƙare.