Raba ƙwayar maganin ƙanjamau biyu don ta daɗe

Ƴar uwa kin ce ƙaninki ya gudo daga Khartum zuwa Gadarif saboda yaƙin Sudan, maganinsa saura na kwana goma, ko zai iya riƙa ɓalla ƙwayar biyu yana shan rabi kullum don ta daɗe. A'a, kar ya fara. Ya ci gaba da shan guda cikakkiya kowace rana a lokacin da ya saba, kuma gobe da safe ki raka shi babban asibitin gari ku nemi ɓangaren masu cutar, kar ku jira sai kwalbar ta zama fanko. Ku tafi da kwalbar a hannu ko hotonta a waya, sunan maganin ke jiki, ko katinsa ya ɓace a hanya da wannan za su gane abin da yake sha.

Dalili kuwa, ƙwayar nan da yawancin mutane ke sha yanzu magani uku ne a haɗe, tenofovir da lamivudine da dolutegravir, rabi ba ya danne ƙwayar cutar, sai dai ya ba ta damar sabawa da maganin har ya daina yi mata aiki, daga nan sai an canza masa wani, wanda a wannan halin yaƙin samunsa aiki ne ja. Na ga haka ga wani maƙwabcinmu da ya yi wata biyu yana tsallake rana, da aka auna jininsa cutar ta hau sosai. In kuma yana tari da zufar dare yana ramewa, ki dage a duba masa tarin fuka a ranar, shi ya fi kashe masu wannan cutar.