Tambayi Gwaggo: Wai akwai Musulmin da ba sa auren ɗiyar baffa?

TAMBAYA

Gwaggo, ina wuni, ina gajiya. Ƙanena yana karatu a Turkiyya, kuma an kusa sa ranar aurensa da ɗiyar baffanmu. Abokin ɗakinsa ɗan wata ƙabila ce da ake kira Karakalpak. Da ya ji wadda za a ba ƙanena sai ya riƙe baki, ya ce su ba sa auren dangin uba ko da zumuncin ya yi nisa, kuma hukumarsu ba ta rubuta aure sai an je likita. Yanzu yaron ya kafe sai an yi gwajin jini, a kuma ba su lokaci su shirya. Innarmu ta ɗauka neman hanyar fasawa yake, har ta daina ɗaukar wayarsa. Su wane ne mutanen nan? Musulmi ne kuwa? Yaya suke shirya ƴaƴansu zaman aure? Ni ce babba, ni aka sa a tsakiya.

Wata yaya daga unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA

Ɗiyata, Allah ya ba ki ladan zumunci. Musulmi ne, ƴan Sunna, a mazhabar Hanafiyya. Yankinsu Karakalpakstan yana cikin ƙasar Uzbekistan, babban birninsu Nukus, harshensu kuma ɗan'uwan na Kazak ne. Abokin ƙanenki bai yi ƙarya ba. Sun kasu dangi-dangi ta wajen uba, kowane dangi suna ce masa uru, kuma wadda kuka haɗa uru da ita ƴar'uwarka ce, ba a zancen aure. Tun yaro yana ƙarami ake koya masa ya jero kakanninsa bakwai, don in ya ga yarinya ya san abin da zai fara tambaya. Ɗiyar baffa kuwa ita ce ta farko a cikin waɗanda aka hana, shi ya sa mamakin ya kama shi.

Amma wannan al'adarsu ce. Addini bai haramta ɗiyar baffa ba, Annabi (SAW) da kansa ya aurar da Nana Faɗima ga Sayyidina Ali, ɗan baffansa. Ki fara kwantar wa Inna da hankali da wannan, kada ta ji kamar an zo da sabuwar shari'a daga waje.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wurinsu shi ne daɗewar shirin. A da, yarinya tun tana ƴar shekara shida ko bakwai ake sa mata allura a hannu, tana zaune gefen uwarta ko kakarta. Shekaru take yi tana ɗinki da saƙar kayan aurenta: ɗamarun da ake ɗaure bukkar amarya da su, jakunkunan kaya, da jan lulluɓin amarci mai suna kiymeshek, wanda gabansa jan ƙyalle ne cike da surfani, bayansa alharini mai zane. Ranar biki matan dangin miji sukan dubi ɗinkin, su karanci haƙurinta da natsuwarta a jikinsa. Yau an fi ganin irin waɗannan kaya a gidan tarihi na Savitsky da ke Nukus, kasuwa ta karɓi aikin. Sai dai ki yi tunanin yawan hirar da ke shiga tsakanin uwa da ɗiya a tsawon shekarun nan na zama kan tabarma ɗaya. Can ake koyon auren, ɗinkin dalili ne kawai.

Suna kuma da buɗar kai irin tasu, bet ashar, har gobe ana yi. Amarya na tsaye fuska a rufe, mata biyu na riƙe da ita. Mai waƙa ya dinga kiran dangin miji ɗaya bayan ɗaya, suruki, suruka, yayye, ƙanne, yana faɗin matsayin kowa, ita kuma tana rusunawa duk sunan da aka kira. A cikin waƙar yake yi mata nasiha a gaban jama'a, sannan a yaye lulluɓin. Kafin ta kwana ta san kowa a gidan, kowa ya san an ba shi amana. Daga nan ba ta kiran surukanta da sunansu, kamar yadda muke yin kara.

Ki kwatanta da namu. Ana gobe kai amarya, ko ma mota na ƙofar gida tana ɗumi, a turo ta ɗakin uba tana kuka, a ce mata “yi na yi, bari na bari, ki yi haƙuri,” gwaggwanni su ƙara da “kada ki ba mu kunya.” Kunnenta ba ya ma ji. Wata uku an yi ana lissafin gado da kujeru da kwanukan jere, an sayar da akuya da gyaɗa, an ci bashin adashi, amma nasihar da za ta riƙe gidan ba ta kai tsawon shan fura ba. Angon fa? Shi ko wannan bai samu ba. Abokai ke kai shi, su yi sayen baki, su watse. Babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa ga yadda ake ciyarwa, ga yadda ake yi in ta yi fushi, ga abin da ba ka kai wa uwarka, ga abin da ba ka ɓoye wa matarka. Wannan shi ne ke cika gidajen Maraɗi da zawarawa ƴan shekara goma sha takwas da goyo, kuma yana ci mini rai ƙwarai.

Zancen likita gaskiya ne, amma dokar Uzbekistan ce, ta hau kan kowa a ƙasar. Masu son aure sai an duba su kan cututtuka irin su sida, tarin fuka, tunjere, taɓin hankali da shaye-shaye. In sun kai takardar neman aure ofishin hukuma, sai sun jira wata guda. Liman bai kamata ya ɗaura ba sai ya ga takardar hukuma. Tun 2019 shekarun aure 18 ne ga mace da namiji, da can na mace 17 ne. Daga farkon 2020 kuma aka ƙayyade taron biki kada ya wuce mutum 200, saboda bashin da iyaye ke afkawa. A nan Nijar dokar da ke rubuce ta ce 15 ga mace, 18 ga namiji, kuma yawancin aurenmu ma ba ya bi ta ofis.

Kada ki ɗauka can komai lafiya. Dukiyar aure, wadda suke kira kalin mal, tana da nauyi, har wasu samari kan gudu da yarinya, wani lokaci da yardarta, wani lokaci da ƙarfi, abin da doka ta ɗauka laifi. Sabuwar amarya ita ke fara tashi, ita ke ƙarshen kwanciya, hidimar gidan surukai duk a kanta. Ga talauci: tun shekarun 1960 aka karkatar da ruwan kogin Amu Darya zuwa gonakin auduga, Tekun Aral ya janye, garin masunta Muynak ya koma hamada da jiragen ruwa zaune kan rairayi. Ƙura mai gishiri ta jawo ciwon ƙirji, ƙarancin jini ya yi yawa a mata, maza suka bazama cin rani Kazakistan da Rasha. Amaryar da aka bari da suruka da jariri, miji na aiko kuɗi ta waya, mun san ta sarai a Tibiri da Madarunfa. Su ma nauyin shirin a kan mace ya fi sauka.

Saboda haka ni ina bayan ƙanenki. Saurayin da ya ce a ba shi lokaci ya shirya, samun irinsa sai an tona. Gwajin da ya fi damuna a wurinmu shi ne na amosanin jini, wato sikila. In shi da ita duk AS ne, wato sun gaji rabin cutar amma ba sa ciwon, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai sikilar, kuma jikokin kaka ɗaya sun fi yiwuwar haɗuwa a kan wannan. Na ga uwar da ke kwana zaune tana murza ƙafar ɗanta da man zafi lokacin sanyi, yana ihu, ba ta da abin da za ta yi masa. Gwajin ɗigon jini ne, ana yi a nan Maraɗi, kuɗinsa bai kai na turmin atamfa ɗaya na lefe ba.

Kada ki tari Inna ke kaɗai. Ki nemi kawunku, wanda take jin maganarsa, ku je tare bayan isha'i lokacin da gida ya yi shiru. Ku fara ce mata yaron yana son yarinyar, don tsoronta kenan. A yi gwajin kafin a sa rana, su biyun duka, sakamako ya tsaya tsakanin iyaye. In ya yi kyau, watannin da suka rage kawu ya riƙa kiran yaron duk Juma'a suna magana ta maza, ke kuma ki jawo yarinyar jikinki, ki tambaye ta abin da take tsoro. In bai yi kyau ba, likita ya zaunar da su ya yi musu bayani da bakinsa, sannan manya su yanke shawara. Ki sake rubuto mini yadda kuka ƙare da Inna.